Kwalbar Shekarar Zazzaɓi

Duk wanda ya san bakin gulbi a Gaya ya san Na'Allah mai kwalabe. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, shi ma yana da ikon ya rama, kuma shekara sittin da ɗoriya ba wanda ya raga wa wani. Shi masunci ne ɗan masunci. Ni kuwa, Idrisa, direban kamyo ne, babbar motar kaya, ƙuruciyata duka a hanyar Kwatano zuwa Yamai ta ƙare. Gulbin nan na tsallake shi ya fi sau dubu, amma duk ta kan gada. Kwalekwale ban taɓa sa ƙafata a ciki ba, don a ganina da Allah ya so in yi yawo a kan ruwa da ya yi ni agwagwa.

Na'Allah gajere ne, siriri, baƙi wuluk saboda rana. Magana tsada take yi masa. Idan abu ya ba shi dariya ba za ka ji sauti ba, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Mutane suna cewa salihi ne. Ni da na san shi tun muna yawo ba wando, na san mugunta ce a cikinsa fal, sai dai irin wadda ba ta gaggawa.

Gulbinmu ruwa biyu yake kawowa a shekara. Da damina akwai jan ruwa, wanda ruwan sama ke wankowa daga gonaki da tudduna na kusa. Da sanyi kuma sai baƙin ruwa ya iso daga can ƙasar Gine, a natse, ba laka. Masunta sun ce jan ruwa shi ne tukunyar kifi: shi ke kawo ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da maiƙon ƙasa, ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, mu kuma mu ci kifi. In tukunyar ta yi kyau, shekarar giwan ruwa da ƙarfasa sai sun gundure ka.

A daminar 1989 muna zaune gindin mangwaron ƙofar gidansu muna shan shayi, sai Na'Allah ya dubi gulbi ya ce, "Ruwan ga ya sake. Jan ya yi yawa, kuma ba jan da na sani ba ne. Na da maiƙo gare shi, wanga ƙasa ce zalla."

Na ce, "Kai bawana, ko talatin ba ka cika ba har ka fara zancen tsofaffi? Kowane tsoho cewa yake ruwan da ya fi daɗi, tuwon da ya fi laushi. Ina shedarka?"

Bayan kwana uku na gan shi ya fito daga kwalekwale rungume da kwalbar siro, zaƙin nan da ake haɗa abin sha da shi, cike da jan ruwa. Ya ɗaga mini ita ya ce, "Ga sheda ta fari. Ka dawo bayan shekara ashirin mu yi magana."

Wasa-wasa abin ya zama aikin rayuwarsa, kuma ni na jawo da bakina. Ƙa'idarsa ba ta canzawa. Rana ta uku da isowar jan ruwa, da hantsi, zai tuƙa zuwa tsakiyar gulbi daidai wata giginya da ke tsallake. Zai nutsa kwalba har ruwa ya kai masa gwiwar hannu, ba ƙari ba ragi. Kwalbar kuma iri ɗaya ce kullum, ta siro mai dogon wuya. In ya dawo sai ya toshe ta, ya liƙe bakin da kakin zuma, ya ajiye ta a wani ɗan ɗaki mai duhu da ya gina a bayan gida. Bayan kwana arba'in laka ta kwanta a gindi, ruwan sama ya yi garau, sai ya auna kaurin lakar da yatsunsa.

Ba ya rubuta lambar shekara. Ɓallin ƙwarya yake samu ya rubuta da ajami abin da ya fi tsaya masa a rai, ya ɗaura a wuyan kwalbar da zaren taru. Akwai shekarar fara, akwai shekarar da dorina ta kori masu wanki, akwai shekarar haihuwar diyarsa Ilham, akwai shekarar da ciyawa mai shuɗin fure ta rufe mashaya.

Mutanen Gaya kuwa ba su yarda mai hankali zai tara ruwan banza a ɗaki ba, saboda haka suka yanke cewa magani ne. Mata suka fara zuwa neman na haihuwa. Wani ɗan kasuwa ya taso tun daga Kamba yana son na farin jini. Na'Allah ya nuna masa gulbi ya ce ga shi can, ya je ya ɗiba iya son ransa. Mutumin ya tafi yana cewa bai taɓa ganin boka mai rowa irin wannan ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi masa dariyar raini ba, ita ce matarsa Kadi. Daga tsallake aka auro ta, wajen Malambil, mai sayar da bandar kifi ce, mace mai murya, in ta yi dariya har masu wanki sai sun waiwayo. Tana tsokanarsa dai, takan ce ita ta auri mai gadin ruwa, amma duk Juma'a ita ke shiga ɗakin ta goge ƙurar kwalaben ɗaya bayan ɗaya. A bazarar 2002 ta kwanta ciwon kwana shida ta rasu, ta bar ’yarsu ɗaya, Ilham, tana shekara tara. Ina Paraku da lodin auduga labari ya same ni. Na yi kuka a kan sitiyari, ban ji kunyar kowa ba, domin Kadi mutum ce.

To, yanzu ga inda nawa laifin ya shigo, kuma gara in faɗe shi da bakina.

Shekara guda bayan rasuwarta, wata safiya, an yi mini lodin albasa zan tafi Kwatano, sai kamyo ya ƙi tashi. Na buɗe batir na ga ruwansa ya ƙafe. Mai sayar da ruwan batir ya tafi suna ƙauye, ga albasa ba ta jiran kowa. Sai Shaiɗan ya tuna mini da ɗakin taubashina, inda ruwa ya shekara goma yana tacewa har ya fi hawaye haske. Na ce a raina, wannan ai ya fi na kanti. Na'Allah yana gulbi, Ilham tana lakwal wajen karatu, ɗakin kuma ba a taɓa sa masa kwaɗo ba. Na shiga na zaro ɗaya daga wajen ƙarshen layi, da niyyar in tsiyayi rabi in cika ta da na rijiya in mayar. Ina fitowa na yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Kwalba ta tashi sama ta dawo, ƙasa ta shanye ruwan a gabana, lakar ta watse cikin rairayi.

Na tsaya ina kallon wuyan kwalbar da ɓallin ƙwarya a jiki. Ajamina ba mai ƙarfi ba ne, amma na haɗa baƙaƙen: shekarar zazzaɓi. Na ce to, shekarar da ba ta da daɗin tunawa ma, Allah ya taƙaita.

Da mai gaskiya ne ni, da na jira shi na faɗa masa. Maimakon haka na nuna gwanintar da ban taɓa nunawa a aikin alheri ba. Na share wurin tas. Na samo kwalbar siro irin tasa sak. Na je kududdufin bayan tasha na kwarfo jar laka, na cika da ruwa na girgiza. Har kasuwa na shiga na sayo kakin zuma, don na san in na liƙe da kyandir zai gane. Na yanke zaren daga fasasshen wuya na ɗaura ɓallin a sabuwar kwalba, na cusa ta can baya inda duhu ya fi, don lakar ta samu ta kwanta. Na fito ina yaba wa kaina. Batir kuwa a ƙarshe aro na yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne nauyin hannuna. Da na dawo daga tafiya na leƙa, na ga maƙwabtanta lakarsu yatsa ɗaya da rabi, wata biyu. Tawa yatsa huɗu cur. Na'Allah bai ce komai ba, ni ma na ja bakina.

Daga nan azaba ta fara. Duk baƙon da ya zo kallon kwalabe, malamin lakwal ne ko ma'aikacin noma, sai Na'Allah ya aika a kira ni, wai ni ne na ja gardamar, dole in tsaya a kan shari'ata. Zai bi layi yana nuna yadda laka ke ƙaruwa sannu-sannu, yadda launinta ya tashi daga baƙi-baƙi mai maiƙo ya koma ja fayau irin na tubali. In ya iso kan tawa sai ya tsaya, ya ɗaga ta wajen haske, ya girgiza kai.

"Wagga ita ce abin mamaki. Tun da nike ban ga shekara irinta ba. Ko ba haka ba, bawana?"

Ni kuma in ce, "Ikon Allah ke nan," gumi yana bin bayana. Haka muka yi shekara ashirin da ɗaya.

Ilham ta tashi a tsakanin kwalaben nan. Yarinya ce mai tambayar tsiya, irin wadda in ka ce mata wuta da zafi sai ta tambaye ka nawa ne zafin. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta tafi Yamai ta karanta ilimin sinadarai, daga can aka ba ta burs, wato kuɗin karatu, zuwa Faransa. Muna jiran mu ji ta zama likita ko mai haɗa magani, sai muka ji wai ta shiga bato, babban jirgin ruwa, ta nufi ƙarshen duniya ta kudu, tekun da ƙanƙara ke yawo a kansa gari-gari. Yarinyar da aka haifa a Gaya, inda rana ke narkar da kwalta. Ta turo hoto a talho, wato wayar hannu, an naɗe ta da tufafi sai idanu. Matan unguwa suka ce Allah sarki, diyar Na'Allah ta yi karatu mai zurfi ta ƙare da aiki cikin firigo.

Da ta zo hutu na farko na zaunar da ita na ce, "Ke Ilham, gaya mini tsakani da Allah, mi kuke nema cikin ƙanƙara?"

Ta ce, "Baba Idrisa, ruwa muke ɗiba a kwalba."

Na dubi ubanta, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ce shi ke nan, abin a jini yake.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce bato yana bin layi ɗaya a teku, yana tsayawa a wuraren da waɗanda suka gabace su suka tsaya tun kafin a haife ta. A kowane wuri sai a zura wani keji mai kwalabe a jikin igiyar ƙarfe, ya nutsa zurfin da ya kusa nisan Gaya zuwa Malambil, kowace kwalba ta rufe bakinta a nata zurfin. In an jawo sai su auna abu biyu. Na farko abincin ruwa, wato sinadaran da ƙananan tsirran teku ke ci, dangin takin da ake zuba wa shinkafa. In sun ragu ko sun ƙaru, komai na teku sai ya ji a jikinsa, daga ƙaramin kifi har babba. Na biyu kuma karbon, iskar da ke fita in an ƙona mai ko gawayi. Ta ce ruwan sanyi yana shan iskar nan fiye da ruwan ɗumi, ya nutse da ita ƙasa, kuma da suka jera awon shekaru sun ga tana taruwa a hankali, har ruwan yana ɗan ƙara tsami.

Na ce, "Kina nufin hayaƙin kamyona ya kai can?"

Ta ce, "Naka kaɗan ne cikin na duniya, Baba, amma shina ciki."

Na ce to a gaishe shi, ya fi ni yawo. Amma maganar ta zauna mini. Shekara talatin da biyar ina tsammanin hayaƙin da na bari a baya ya ɓace ke nan, ashe akwai inda ake tara shi.

Na'Allah bai damu da hayaƙi ba. Tambaya ɗaya ya yi mata: "Wuri guda kuke ɗiba kullum?"

"Wuri guda, zurfi guda, lokaci guda in hali ya yi. Awon shekara ɗaya ba ya gaya maka komi, Baba. Sai an jera."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka karanta masa wasiƙar da shi ya rubuta.

A daminar 2024 ta sake zuwa. Lokacin an rufe gadar kan iyaka, kamyoyi sun yi layi suna tsatsa, kowa da kwalekwale yake tsallakawa, ban da ni da na ce in Malambil tana son ganina ta zo da kanta. Ilham ta sauka da wata akwati cike da ƙananan robobi masu murfi da cokula sirara. Ta ce ta nuna wa abokan aikinta na labo, ɗakin gwaje-gwaje, hoton ɗakin babanta, sun riƙe baki. Ruwan ciki dai ya daɗe, ba zai ba da labari ba, amma lakar tana nan da shaidarta: daga wace irin ƙasa ta fito, nawa ne maiƙonta, yaushe takin zamani ya fara shiga gulbi. Shekara talatin da biyar a jere, wuri ɗaya, hannu ɗaya. Ta ce za ta ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ta tafi da shi, in abin ya yi kyau a rubuta, da sunanta da na babanta.

Ban taɓa ganin Na'Allah ya yi farin ciki irin na ranar ba. Sau uku yana canza hula. Ni kuwa sai tunanin kwalbar da na haɗa nake.

Washegari ta jera kwalaben a tsakar gida a kan tabarma, tana ɗaukar hoton kowace. Da ta zo kan tawa sai ta durƙusa. Ta juya ta, ta sake juyawa, idonta yana ƙyalli.

"Wagga ita za ta ɗauki hankalin kowa. Yatsa huɗu a 2001, alhali ba a yi wata ambaliya ba a shekarar. Akwai abin da ya faru da ba wanda ya rubuta. Da ita zan fara."

Na'Allah ya ce, "Na sha gaya ma mutane. Ko ba haka ba, bawana?"

Wannan karon ban ce "ikon Allah" ba. Na yi ƙoƙarin zagayawa. Na ce, "Ilham, a can wurinku, in aka samu shekarar da kwalba ta ɓace fa? A ce misali."

Ta ce, "Yana faruwa. Wata shekara ƙanƙara ta tare hanya, bato bai isa ba. Wata shekara kwalba ta ƙi rufewa. Sai mu bar gurbin, mu rubuta babu. Gurbi ba ya cutar kowa, Baba. Abin tsoro shi ne a cika shi da abin da ba shi ba. Shekara guda ta ƙarya tana iya karkata layin duka, kuma in aka gano, sauran ma ba mai sake yarda da su."

Na tafi gida tuwo ya ƙi ciyuwa. Ba kunyata kaɗai nake ji ba. Yarinyar nan za ta tsaya gaban manyan masana da lakar bayan tashar Gaya, wadda rabinta baƙin mai ne da fitsarin jakai, ta ce ga abin da gulbi ya kawo. In na'urarsu ta tona, sunanta ya zube, kuma a ce tsohon masuncin nan dama shirme yake tarawa. In ba ta tona ba, ƙaryata ta shiga littafi. Kwana biyu ina juya abin, ina neman ƙofar da ba ta bi ta kan bakina ba, ban samu ba. A rana ta biyun kuma jan ruwa ya iso.

Ranar Laraba da safe na same su a tsakar gida, Ilham ta sa safar hannu tana shirin fasa kakin kwalba ta fari. Na ce ta dakata. Na zauna a kan turmi, na cire hula, na faɗi komai: batir, albasa, dokin ƙofa, kududdufi, har kakin zuman da na sayo. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Na dubi Na'Allah ina jiran hadari, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Suka yi ta rawa har ya share ido da gefen riga.

"Miƙo mini kwalbar tasa, diyata," ya ce. Ya riƙe kwalbar ya nuna mata wuyan. "Duba ƙullin ga. Duba na sauran. Masunci ƙullin taru yake yi, ƙarami, ba ya kwancewa. Wanga kuwa mai kunne ne, a ja shi ya warware. Ƙullin tampol na kan lodi. A Gaya duka mutum nawa ne ke shiga ɗakina kuma yake ɗaure tampol?"

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ran da ka yi. La'asar."

"Shekara ashirin da ɗaya kana kirana gaban baƙi?"

"To mi ne amfanin taubashi?" Ya dubi Ilham. "Kada ki damu, ba zan bari ki tahi da ita ba. Na ba shi zuwa Juma'a ne a raina. Ya ci da kwana biyu."

Ilham ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na fara jin iska tana shiga ƙirjina, har na soma shirya baƙar maganar da zan mayar masa. Sai ta ɗauki ɓallin ƙwaryar tana dubawa, ta ce, "Baba, wane zazzaɓi ne wannan? Ban tuna ba."

Kafaɗunsa suka tsaya.

"Ba za ki tuna ba, an kai ki Yelu wurin kakarki. Ni na kwanta. Jan ruwa ya zo ina kwance ban san inda kaina yake ba. Rana ta uku na farka na ga kwalba kusa da tabarmata, an liƙe ta da kaki. Uwarki ce ta ɗauki kwalekwale ita kaɗai ta tahi daidai giginya. Ta ce mini ta nutsa har sama da gwiwar hannu kaɗan, don hannunta bai kai nawa tsawo ba." Ya miƙa hannu ya karɓi ɓallin. "Ita ke nan guda da ta ɗebo. Damina ta gaba ba ta gani ba."

Ban san lokacin da hular ta faɗi daga hannuna ba. Na tuna yadda ƙasa ta shanye ruwan nan a gabana, da yadda na share wurin da tsintsiya ina sauri, ina cewa Allah ya taƙaita. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji baƙin ciki, kuma na ji haushinsa, don da ya zage ni tun lokacin da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Don mi ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Na san ka. Da na gaya maka, kunya ba za ta bari ka sake shigowa gidan ga ba. Shekara guda tsakani na rasa mata, na rasa kwalbarta. Ban ga dalilin in ƙara da taubashi ba."

Ilham ta tashi ta shige ɗaki, muka bar ta. Mu biyu muka zauna muna kallon kwalabe a kan tabarma har inuwa ta matsa.

Can ya ce, "Gobe kwana uku da zuwan ja. Hannuna ya fara rawa, kwalba tana kuɓuce mini. Kai za ka ɗebo."

Na ce ga Ilham nan, wadda ta saba da teku. Ya ce Ilham ba ta fasa komai ba.

Haka ranar Alhamis da hantsi mutanen bakin gulbi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Idrisa direba a cikin kwalekwale, ya rungume kwalbar siro, yana karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Na'Allah yana tuƙi a baya, Ilham a gaba. Da muka zo daidai giginya ya ce in nutsa. Ruwan ja ne, da ɗumi, yana jan hannuna da ƙarfin da ban zata ba. Na kai gwiwar hannu na ji kwalba tana shan ruwa har ta yi shiru. Da muka fito ya liƙe ta da kaki, ya rubuta a ɓallin ƙwarya, shekarar da direba ya shiga ruwa, ya miƙo mini zare. Na ce ban iya ƙullin taru ba. Ya ce in yi nawa, wannan karon gaskiya ƙullin zai faɗa.

Ilham ta koma da robobinta talatin da biyar, ta 2001 kuma ta rubuta babu. Har yanzu suna awo, ta ce aikin ba ya son gaggawa, uban kuma ya ce ya sani. Lakar bayan tasha ni da kaina na mayar da ita inda na ɗebo ta.

Gardamar 1989 kuwa na sallama, ruwan ya sake, ga layi nan kowa yana gani. A cikin layin akwai gurbi mai faɗin kwalba ɗaya. Na'Allah ya kafa ƙusa a wurin ya rataye ɓallin ƙwaryar, Ilham ta ƙara sunan uwarta a ƙasan rubutun. Duk Juma'a yanzu ni ke shiga in goge ƙurar kwalaben, kuma in na zo gurbin nakan goge shi shi ma.